Fidel Kastiro: Inuwar Giginya Ko Garkuwar Talaka?

A daren 25 ga Nuwamba, 2016, Raul Kastiro ya fito a gidan talabijin na gwamnatin Kyuba ya sanar da mutuwar yayansa Fidel, wanda ya bar duniya yana da shekara 90. Kafin gari ya waye mutanen Kyuba sun rabu gida biyu. A cikin tsibirin an ayyana zaman makoki na kwana 9, aka dakatar da kaɗe-kaɗe, dubban ɗaruruwan mutane suka yi dogayen layuka a birnin Habana don yin ban kwana da shi. A tsallaken teku kuwa, a birnin Mayami na Amurka, 'yan Kyuba masu gudun hijira da 'ya'yansu suka cika tituna suna kaɗa tukwane da kwanoni, suna rawa kamar ranar biki. Donal Tiram, wanda bai daɗe da cin zaɓe ba a lokacin, ya kira shi azzalumin ɗan kama-karya. Shi kuwa Jakob Zuma na Afirka ta Kudu takanas ya tafi Habana ya yi jawabin godiya a madadin mutanen ƙasarsa.

Shekaru sun shuɗe amma gardamar ba ta kwanta ba. A nan gida, in aka ambaci sunan Kastiro a tsakanin masu ilimin zamani, yawancinmu gwarzo muke gani, ɗan ƙaramin tsibiri da ya tsaya ƙyam a gaban Amurka har shekara hamsin bai rusuna ba. Muna da hujjarmu, kuma zan zo kanta. Sai dai a nawa ganin, mai karatu, waɗanda suka yi kuka a Habana da waɗanda suka yi rawa a Mayami duk ba ƙarya suke yi ba. Abin da ya raba su shi ne abin da kowannensu yake nufi da kalma ɗaya, wato 'yanci.

Masu nazarin harshe sun san tushen wannan kalma. Daga ɗa da 'ya ta fito, wato mutumin da ba bawa ba ne, shi ya sa Sakkwatawa ke cewa ɗiyauci. Asalinta ke nan a kan mutum guda take magana, wanda ba mallakar kowa ba ne, yana iya buɗe baki ya faɗi ra'ayinsa, ya tashi ya tafi inda ya ga dama. Daga baya ne, a zamanin gwagwarmaya da Turawan mulkin mallaka, aka yalwata ta har ta game ƙasa, muka riƙa cewa 'yancin kai. Tarihin Kastiro kaf ɗinsa yana tsakanin waɗannan ma'anoni biyu. Ya samar wa ƙasarsa na biyun, ya taimaki wasu ƙasashe suka same shi, amma ya tauye wa mutanensa na farkon.

Kafin a yanke wa mutum hukunci ya kamata a san irin ƙasar da ya tarar. Kyuba ta fita daga hannun Sifaniya a 1898 ta faɗa hannun Amurka. An ba ta mulkin kai a 1902, amma bisa sharaɗin da aka cusa cikin tsarin mulkinta cewa Amurka na da ikon tsoma baki da ƙarfin soja duk lokacin da ta ga dama, sharaɗin da bai kau ba sai a 1934. A 1903 ta karɓi yankin Guwantanamo ta kafa sansanin sojan ruwa. Manyan gonakin rake da masana'antun sukari da kamfanonin lantarki da wayar tarho, kaso mai yawa duk na Amurkawa ne. Habana ta zama dandalin caca da sheƙe aya na masu kuɗi, alhali ɗan ƙauye mai saran rake aikin 'yan watanni yake samu a shekara, sauran watannin sai zaman yunwa. A watan Maris na 1952 Fulgencio Batista ya yi juyin mulki ana saura watanni kaɗan a yi zaɓe, zaɓen da wani matashin lauya mai suna Fidel Kastiro yake takarar kujerar majalisa a cikinsa.

Wannan lauya ba ɗan talaka ba ne. An haife shi ranar 13 ga Agusta, 1926, a ƙauyen Biran da ke gabashin tsibirin, mahaifinsa baƙo ne daga Sifaniya wanda ya mallaki makekiyar gonar rake. Ranar 26 ga Yuli, 1953, ya jagoranci hari a kan barikin soja na Monkada da ke birnin Santiyago. Harin ya ci tura, aka kashe mutanensa da dama, aka ɗaure shi shekara 15, amma aka yi masa afuwa a 1955. Ya tafi Meziko ya sake shiri, ya dawo a Disamban 1956 cikin wani ɗan jirgin ruwa mai suna Granma ɗauke da mutum 82, cikinsu har da ƙanensa Raul da Che Gebara ɗan Ajantina. 'Yan tsirarun da suka tsira daga kwanton ɓaunar sojoji suka haye duwatsun Sierra Maestra suka shiga yaƙin sunƙuru. Ranar 1 ga Janairu, 1959, Batista ya tsere daga ƙasar.

Yabon gwani ya zama dole. A watan Mayu na 1959 aka kafa dokar rabon filaye wadda ta rusa manyan gonaki, kuma gonar gidansu Kastiro ba ta tsira ba. A 1961 aka ƙaddamar da yaƙi da jahilci, aka rufe makarantu na tsawon watanni, aka tura 'yan sa kai kusan 250,000, cikinsu har da yara 'yan makaranta kimanin 100,000, suka bazu ƙauyuka da fitilu da littattafai, suna kwana gidajen manoma, su yi noma tare da su da rana, su koya musu karatu da dare. Kafin ƙarshen shekarar mutum sama da 700,000 sun iya karatu da rubutu, yawan marasa iya karatu ya faɗo daga kusan kashi 24 cikin 100 zuwa kimanin kashi 4. Duk wanda ya san halin da ilimin manya yake ciki a ƙasashe masu tasowa ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Haka abin yake a fannin lafiya. Kusan rabin likitocin ƙasar, waɗanda yawansu ya kai 6,000, sun fice bayan juyin juya halin, amma aka horar da wasu ninkin ba ninkin, aka kai likita kowace unguwa da kowane ƙauye, magani kyauta. Alƙaluman hukuma a shekarun ƙarshe na rayuwar Kastiro sun nuna jarirai 4 zuwa 5 ne ke mutuwa cikin kowane 1,000 kafin su cika shekara, adadin da ya yi gogayya da na ƙasashe masu arziki. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Kyuba a matsayin ƙasa ta farko da ta kawar da yaɗuwar cutar ƙanjamau daga uwa zuwa jariri. Masu suka suna cewa tun kafin 1959 Kyuba na sahun gaba a yankinta wajen yawan likitoci da masu karatu, kuma gaskiya ne. Sai dai a birane wannan ni'ima ta taru, Kastiro ne ya kai ta karkara.

Duk wannan an yi shi ne takobi na rataye a wuya. A Afrilun 1960 wani babban jami'in ma'aikatar harkokin wajen Amurka, Lester Mallory, ya rubuta wa shugabanninsa cewa yawancin 'yan Kyuba na goyon bayan Kastiro, don haka hanya ɗaya ita ce a toshe wa ƙasar kuɗi da kayayyaki har yunwa da ƙunci su sa jama'a su tayar masa. A Afrilun 1961 hukumar leƙen asiri ta CIA ta sauke 'yan gudun hijira kimanin 1,400 da makamai a gaɓar tekun kudancin tsibirin, aka murƙushe su cikin kwana uku. A Fabrairun 1962 Shugaba Kenedi ya ƙaƙaba cikakken takunkumin ciniki. A 1975 wani kwamitin majalisar dattawan Amurka da kanta ya gano aƙalla makirci 8 da CIA ta ƙulla don kashe Kastiro tsakanin 1960 da 1965. Saboda haka duk lokacin da gwamnatin Amurka ta tashi yi masa wa'azin haƙƙin ɗan Adam, sai mutum ya tuna cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Yanzu bari mu zo kan hujjarmu mu 'yan Afirka. Tun a 1963 Kyuba ta aika tawagar likitoci zuwa Aljeriya wadda ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba. Ta taimaki mayaƙan Amilcar Cabral a Gini Bisau da masu horarwa da likitoci. Amma babban abin shi ne Angola. A ƙarshen 1975, yayin da Fotugal ke shirin ficewa, sojojin gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu suka kutsa daga kudu suka nufi Luwanda don hana ƙungiyar MPLA ta Agostinho Neto kafa gwamnati. Kastiro ya tura dakaru ta sama da ta ruwa, ya sa wa aikin sunan Carlota, wata baiwa 'yar asalin Afirka da ta jagoranci tawayen bayi a Kyuba a 1843. Kafin tsakiyar 1976 sojojin Kyuba a Angola sun kai kimanin 36,000, kuma sojojin wariya sun ja da baya.

A nan ne tarihin ya ratsa gidanmu. Shigar Afirka ta Kudu cikin yaƙin ita ta sa gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta amince da gwamnatin MPLA a Nuwamban 1975, ta kuma tallafa mata da dala miliyan 20. Shugaban Amurka Gerald Ford ya rubuto wa shugabannin Afirka wasiƙa yana neman su matsa a janye 'yan Kyuba da 'yan Sobiyet, gwamnatin Nijeriya ta fallasa wasiƙar ta mayar da martani mai zafi. Ranar 11 ga Janairu, 1976, a taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa, Murtala ya yi shahararren jawabin nan nasa inda ya nuna cewa Afirka ta girma, ba ta karɓar umarni daga kowa. Bayan wata ɗaya aka kashe shi. Duk wanda ke girmama Murtala a kan wannan matsayi, to ya sani a sahu ɗaya suka tsaya da Kastiro a wannan rana.

Yaƙin Angola ya ja har zuwa gumurzun Cuito Cuanavale na 1987 da 1988, lokacin da sojojin Kyuba a ƙasar suka haura 50,000. Masana tarihin soja har yau suna gardama kan wanda ya yi nasara a filin daga, amma abin da ya biyo baya ba a gardamarsa. A Disamban 1988 aka sa hannu kan yarjejeniya a birnin Niyok, Afirka ta Kudu ta yarda ta saki Namibiya, wadda ta sami 'yancin kai ranar 21 ga Maris, 1990. 'Yan Kyuba sama da 300,000 ne suka yi aikin soja a Angola cikin shekara 16, sama da 2,000 suka rasa rayukansu. Da suka tashi tafiya a 1991 ba su bar kamfanin haƙar lu'ulu'u ko rijiyar mai da sunansu ba. A Yulin wannan shekara Nelson Mandela ya je Kyuba da kansa ya yi godiya, kuma da aka matsa masa a Amurka kan abotarsa da Kastiro, ya ƙi juya wa wanda ya taimake shi baya. Ko a 2014, da cutar Ebola ta ɓarke, ma'aikatan lafiya 256 Kyuba ta aika Saliyo da Laberiya da Gini.

Wannan bashi ne a kanmu, kuma mai mance alheri butulu ne. To amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mu ba mu ne masu ɗakin ba.

A 1957, yana cikin duwatsu, Kastiro ya sa hannu kan takardar alkawarin cewa za a yi zaɓe kuma za a sakar wa 'yan jarida mara da zarar an kawar da Batista. Ranar ma'aikata ta 1960 ya shaida wa taron jama'a cewa babu buƙatar zaɓe. A wannan shekara aka rufe ko aka ƙwace jaridu masu zaman kansu, aka kuma kafa kwamitocin kare juyin juya hali a kowane layi, waɗanda daga cikin aikinsu har da sa ido kan maƙwabta. A watannin farko na mulkinsa kotunan juyin juya hali sun sa an harbe ɗaruruwan mutane. Da yawansu masu laifi ne na gaske daga cikin 'yan sandan Batista, amma shari'ar ta gaggawa ce. A Maris na 1959 kotu ta wanke sojojin saman Batista sama da 40, Kastiro ya ƙi yarda da hukuncin, aka sake shari'a aka ɗaure su shekaru masu yawa.

Kuma abin bai tsaya kan mutanen Batista ba. Huber Matos kwamanda ne da suka yi yaƙin duwatsu tare, ya ajiye aiki a Oktoban 1959 don bai yarda da karkatar gwamnati zuwa kwaminisanci ba, ya yi shekara 20 cur a kurkuku. Mario Chanes de Armas yana cikin harin Monkada, yana cikin jirgin Granma, sun yi zaman kaso tare da Kastiro a zamanin Batista, shi kuma shekara 30 ya yi, ya fi Mandela daɗewa a ɗaure. Tsakanin 1965 da 1968 an tara dubban mutane a sansanonin aikin dole, cikinsu har da limaman coci da sauran masu riƙo da addini da duk wanda aka ga bai dace da sabuwar al'umma ba. A 1971 aka kama mawaƙi Heberto Padilla, aka sa shi ya tsaya gaban 'yan uwansa marubuta ya zargi kansa da abokansa har da matarsa, abin da ya sa masoyan juyin juya halin irin su Jean-Paul Sartre suka yi tir. A Maris na 2003 aka kama mutum 75, 'yan jarida da masu fafutuka da masu ɗakunan karatu, aka ɗaure wasu har shekara 28. Tun daga wancan jawabi na 1960 har ya miƙa wa ƙanensa mulki a 2006, sannan ya sauka daga shugabancin ƙasa a 2008, ba a taɓa barin wani ya tsaya ya yi takara da shi ba.

Mutanen da aka hana ƙuri'a sai suka yi zaɓe da ƙafafunsu. A 1980 mutum kimanin 125,000 suka fice ta tashar ruwa ta Mariel cikin 'yan watanni. A 1994 wasu kimanin 35,000 suka faɗa teku a kan kwale-kwale da tayoyin mota da katakai. Ba duka ba ne attajirai da aka ƙwace wa gonaki, yawancin na baya-bayan nan 'ya'yan talakawa ne da juyin juya halin ya koya wa karatu.

Masu kare Kastiro kan ce takunkumi ne ya jawo komai. Ko shakka babu takunkumin zalunci ne, kuma tun daga 1992 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya yake yin Allah wadai da shi, a 2024 ma ƙasa 187 suka nemi a ɗage shi, biyu kacal suka ƙi. Amma ba takunkumi ne ya sa aka ƙwace ƙananan sana'o'i sama da 55,000 a 1968 ba, har da rumfunan aski da na masu sayar da abinci. Ba shi ya sa aka tattara ƙarfin ƙasa duka kan neman tan miliyan 10 na sukari a 1970 ba, aka ƙare da kimanin miliyan 8 da rabi bayan an durƙusar da sauran fannoni. Ƙasar da ta ƙwaci kanta daga dogaro da Amurka sai ta koma dogaro da Tarayyar Sobiyet, kuma da wannan daula ta rushe, tattalin arzikin Kyuba ya ragu da kusan kashi 35 cikin 100 tsakanin 1989 da 1993. Takunkumi yana iya hana mutum magani da man fetur, amma ba shi ke ɗaure mawaƙi ba.

Ko a fagen 'yancin ƙasashe ma, inda ya fi ƙwarewa, akwai tabo. A 1968 ya goyi bayan mamayar da Sobiyet ta yi wa Cekosulobakiya. A 1980, yana shugabancin Ƙungiyar 'Yan Ba-ruwanmu, Kyuba ta ƙi goyon bayan ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya na neman a janye sojojin waje daga Afganistan, ƙasar da ita ma 'yar ƙungiyar ce. A nan Afirka, a 1977 da 1978, ya tura sojoji kimanin 15,000 Habasha. Gaskiya ne Somaliya ce ta kai mamaya yankin Ogaden, amma sakamakon shi ne kujerar Mengistu Haile Mariam ta kafu daidai lokacin da yake kashe dubban matasa a Adis Ababa. Kuma Janar Arnaldo Ochoa, wanda ya jagoranci sojojin Kyuba a Ogaden da Angola, a Yulin 1989 aka harbe shi bisa zargin safarar miyagun ƙwayoyi, bayan shari'ar da har yau mutane da yawa ke tantama a kanta.

Abin da ya faru bayan mutuwarsa shi ma shaida ne. Ranar 11 ga Yuli, 2021, dubban mutane suka fito zanga-zanga a garuruwa da dama saboda ƙarancin abinci da magani da lantarki, aka ɗaure ɗaruruwa daga cikinsu. A Oktoban 2024 wutar lantarki ta ɗauke a duk faɗin tsibirin. Hukumar ƙididdigar ƙasar da kanta ta ce yawan jama'a ya faɗo daga sama da miliyan 11 a 2020 zuwa ƙasa da miliyan 10 a 2024, galibi saboda ƙaura. Matasa ne masu ilimi suka fi ficewa, wato amfanin gonar da Kastiro ya shuka wasu ƙasashe ne ke girba.

To, shin inuwar giginya ne shi, na nesa ka sha? Ba kwata-kwata ba, domin ɗan manomin rake da ya zama likita a gindin bishiyar yake, kuma ya sha inuwa. Sai dai an gindaya masa sharaɗin ya sha inuwar bakinsa a rufe. Abin da nake tsoro game da yadda muke yabonsa shi ne darasin da muke koya wa kanmu da ɗalibanmu, wato cewa in shugaba ya gina makaranta da asibiti, ya kuma yi wa manyan ƙasashe tsawa, to an yafe masa kurkuku da rufe jarida da zama kan mulki har tsufa. Da yawa daga cikin masu wannan yabo su ne suka fi kowa ɗaga murya a 2006 lokacin da aka nemi tazarce a ƙasar nan, kuma sun yi daidai. Abin da ba mu yarda a yi mana shi na shekara huɗu ba, bai kamata mu tafa wa wanda ya yi wa wasu shi na shekara kusan hamsin ba. Haka kuma masu ganin ba shi da wani alheri, su je su faɗi haka a Namibiya su ji amsa.

An binne tokar gawarsa ranar 4 ga Disamba, 2016, a birnin Santiyago, cikin wani dutse da ba a rubuta komai a kansa ba sai sunansa na fari, kuma bisa wasiyyarsa majalisar ƙasar ta kafa dokar hana sa wa titi sunansa ko gina masa mutum-mutumi. Mu 'yan Afirka abin da ya rage mana shi ne mu biya bashin da ke kanmu ga waɗanda suka cancanta. Jinin da aka zubar a Angola na 'ya'yan talakawan Kyuba ne, likitocin da suka shiga sansanonin Ebola su ma haka. In har muna gode musu tsakani da Allah, to mu ci gaba da neman a ɗage musu takunkumi, sannan in sun fito titi suna neman 'yanci a ma'anarsa ta asali, mu saurare su, kada mu yi saurin kiransu karnukan farautar Amurka.